Ido mai faɗi: gilashin da ke kumbura na kusa, ya ƙanƙantar da na nesa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Saboda haka ne hoto ya samu matsayin shaida a wurin jama'a. Ɗan kasuwar da ke zaune Yamai yakan nemi a aiko masa hoton hili kahin ya saye shi a Maradi, shugaban ma'aikata kuma yakan nemi hoton dashen itatuwa kahin ya sa hannu ga rahoto. Amma hoto ba ya shiga kamera sai ya ratsa ta cikin gilashi, kuma kowane gilashi da irin yadda yake ba da labari. Akwai ɗaya daga cikinsu da ya cika hannun mutane a 'yan shekarun nan ba tare da sun san halinsa ba, shi ne ido mai faɗi ƙwarai, wanda masu sana'ar hoto ke kira garan-angil da bakin Faransanci. Duk mai wayar salula da ya taɓa danna alamar 0,5 a huskar kamerarsa ya riga ya yi aiki da shi.

Yawancin mutane suna dannawa ne da niyyar haɗe duk abin da idonsu ya gani cikin hoto guda. Mutum ya tsaya gaban duwatsun Abzin ko tuddan rairayin Tenere, abin ya cika masa ido, ya ɗauka. Sai ya komo gida ya duba, ya tarar dutsen da ya tsare masa sama ya koma kamar tsibin gero a bakin gona. Rabin hoton sama ce wadda babu kome cikinta, ɗaya rabin kuma ƙasa ce wadda babu kome bisanta. Kamera ba ta lalace ba. Halin wannan gilashi ke nan: yana girmama abin da ke kusa, yana ƙasƙantar da abin da ke nesa. Wanda ya san haka yakan samu hoto mai ban sha'awa. Wanda bai sani ba yakan samu hoton da babu kome ciki, wani lokaci kuma da irin wannan hoto ake cutarsa.

Lissahin milimetir

A bakin kowane gilashin kamera akwai lamba da aka rubuta da milimetir. Ita ce ke nuna faɗin abin da gilashin ke hangowa. In lambar ta yi ƙasa, hange ya buɗe. In ta yi sama, hange ya tsuke, abin nesa ya matso. An saba yin awon bisa tsohon fim mai milimetir 24 a tsaye da 36 a kwance, wanda masu hoto suka daɗe suna aiki da shi. A bisa wannan awo, gilashi mai 50 yana hango digiri 40 daga hagu zuwa dama, kuma shi ake ɗauka a matsayin matsakaici, don hotonsa bai yi nisa da yadda mutum ke ganin abu ba. Mai 24 yana hango digiri 74. Mai 14 yana hango 104, wato hiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk kewayen da ke zagaye da mutum. Duk wanda lambarsa ta kasa 24, shi ake kira mai faɗi ƙwarai. Idon 0,5 na wayoyi da yawa daidai yake da mai 13.

Girman abu cikin hoto yana bin lissahi mai sauƙi wanda kowane ɗan kasuwa zai iya yi: a riɓa lambar gilashin da tsayin abin, a raba da nisansa. A ɗauki tudu mai tsayin metir 100 da ke nisan kilometir 2. Da gilashi mai 200, tudun zai ci milimetir 10 cikin 24 na tsayin fim. Da mai 50 zai ci 2,5. Da mai 14 kuwa ba zai kai ko milimetir ɗaya ba, 0,7 ne kawai. To, sai a aza tulu mai tsayin santimetir 30 a gaban kamera, nisan rabin metir. Da wannan gilashi mai 14, tulun zai ci milimetir 8,4, wato sulusin tsayin hoton. Ke nan tulu ya riɓa tudu sau 12. Gilashin bai yi ƙarya ba, domin ko idon mutum in aka kai shi dab da tulun haka zai gani. Bambancin shi ne wannan gilashi yana iya haɗa tulun da tudun da sama cikin takarda guda, mai kallo kuma ba ya sanin inda mai ɗauka ya tsaya.

Daga kwalbar ruwa zuwa aljihun riga

An daɗe ana neman gilashin da zai hango da faɗi. A 1859 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Sutton, ya ƙera gilashi mai kamar ƙwallo wanda ake cika cikinsa da ruwa. A 1900 kamfanin Goerz na Berlin ya hito da Hypergon, mai hango digiri 135. Matsalarsa ita ce tsakiyar hoto na samun haske hiye da gehe, sai aka maƙala masa wata 'yar farfela mai siffar tauraro a gaba, wadda mai hoto ke juyawa da iskar famfon roba don ta rage hasken tsakiya lokacin ɗauka. A 1950 Bafaranshe Pierre Angénieux ya hito da tsarin da ya kira Retrofocus, wanda ya ba da damar sa gilashi mai faɗi a kamera mai madubi a ciki ba tare da madubin ya bugi gindin gilashin ba. A 1954 kamfanin Zeiss na Jamus ya hito da Biogon mai 21, aikin Ludwig Bertele. A 1976 Nikon na Japon ya yi mai 13, wanda saboda tsadarsa sai an yi oda ake ƙera shi.

Abin da ya kasance kayan ƙwararru masu hali ya sauko hannun kowa ta hanyar waya. A 2016 wayar LG G5 ta zo da ido na biyu mai faɗi a bayanta, a 2019 kuma iPhone 11 ta zo da nata mai digiri 120 daga kusurwa zuwa kusurwa. Gilashin ya iso aljihun jama'a, amma ilimin aiki da shi bai biyo shi ba.

Darasin itacen Tenere

Babu wurin da ke koyar da wannan ilimi kamar Tenere. Hamada ce mai faɗi, amma faɗi kaɗai ba ya ɗaukuwa a hoto, domin rairayi da sama ba su da ma'auni. Sai an samu abin da ido ya san girmansa sannan mai kallo ke gane girman sauran. Wannan aiki ne shahararren itacen Tenere ya yi wa masu hoto shekara da shekaru. Itacen ƙaya ne guda, tsaye shi kaɗai bisa hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har ana cewa babu wani itace a kewayensa cikin kilometir 400. Lokacin da aka gina rijiya kusa da shi a 1938 zuwa 1939, an tarar saiwarsa ta bi ruwa zurhin da ya wuce metir 30. A 1973 wata babbar mota ta kayar da shi, aka ɗauko gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa itacen ƙarhe a gurbinsa. Wanda ya ɗauki itacen daga kusa, ya bar hamada ta miƙe a bayansa, ya nuna kaɗaicin wurin. Wanda ya ɗauki hamadar ba tare da shi ba ya komo da layi guda tsakanin launi biyu.

Ƙa'idar farko ke nan: mai ido mai faɗi ya fara neman abin da zai sa gaba, sannan ya dubi na nesa. Ƙwararru sukan raba hoton ƙasa gida uku: na gaba, na tsakiya da na nesa. Ba lalle sai an tahi Tenere ba. A bakin tabkin Madarunfa, kwalekwale a gaba, ruwa a tsakiya, itatuwan ƙetare a nesa. A Damagaram, tsagar dutse a gaba, soraye a tsakiya, sauran duwatsun Birni a nesa. A gona, zangarniyar hatsi a gaba, kunyoyi a tsakiya, rumbuna a nesa. Kuma ana son abin da zai ja ido daga ƙasan hoto zuwa cikinsa, kamar sawun raƙuma bisa rairayi, ko burtali, ko gaɓar kogin Isa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kusanta. Abin da ke nisan taki biyar ya riga ya yi nisa ga wannan gilashi. Sai mai hoto ya matsa har ya rage metir ɗaya ko rabi, ya durƙusa, ya sauke kamera daidai gwiwa ko ƙasa da haka. A irin wannan kusanci, gusawar kamu ɗaya zuwa dama ko hagu tana sake hoton gaba ɗaya, don haka aikin na mai haƙuri ne, kuma ba ya yiwuwa ga mai tsoron ɓata riga.

Gilashin yana saka wa mai kusantar da wata baiwa: yana iya riƙe na kusa da na nesa duka da kaihi. Da mai 14, in aka tsuke ƙofar haske zuwa lamba 11, aka daidaita ganin bisa nisan santimetir 60, kome zai hito sarai tun daga santimetir 30 har iyakar gani. Da mai 50 a wannan lamba, kaihin ba ya farawa sai wajen metir 4.

Aibobin da ake kiyayewa

Na farko shi ne karkata. Muddin aka ɗaga kan kamera sama, duk abin da ke tsaye sai ya jingina baya, ya tsuke daga sama. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin metir 27, da ma an gina ta da gindi mai faɗi da kai siriri. In aka tsaya gindinta aka ɗaga ido mai faɗi, sai ta hito kamar za ta kwanta. Maganin shi ne a ja baya, a riƙe kamera daidai, in ya so a yanke ƙasan hoton daga baya. Haka kuma layin da sama ta haɗu da ƙasa: in ya karkata ko kaɗan, mai kallo zai ga kamar ruwan tabki zai zube.

Na biyu shi ne miƙewar gehe. Abin da ke tsakiyar hoto yana riƙe siffarsa, amma na bakin hoto yana jawuwa. Da mai 14, kan mutumin da ke can ƙarshen gehe yakan ƙara faɗi da hiye da rabi. Shi ya sa ba a sa mutum ko dabba a kusurwa. Akwai kuma wani iri dabam da ake kira idon kihi, wanda ke lanƙwasa miƙaƙƙun layuka su koma baka. Robin Hill na Ingila ya ƙera irinsa a 1924 don ɗaukar gizagizan sama gaba ɗaya, kuma bai dace da hoton da ake son ya yi kama da wuri ba.

Na uku, gilashin ba ya zaɓe. Yana kwaso abin da mai hoto bai gayyata ba: inuwarsa da sahe ko da marece, ƙafar abin aza kamera, ledar da ta maƙale ga ƙaya, wayar lantarki, har ɗan yatsan da ya leƙo. Sai a bi kusurwoyi huɗu da ido kahin a danna. Rana ma takan shigo, ta bar ɗige-ɗigen haske, musamman in akwai ƙura ko maiƙon hannu bisa gilashin. Gwanaye sukan ɓoye ta bayan reshe ko bakin dutse. Game da ƙura, gilasai da yawa na wannan iri suna da goshi mai tudu wanda ba a iya sa masa marihi na kariya, don haka a hure rairayi tukuna kahin a shafa ƙyalle, in ba haka ba a karce shi. Ba a kuma sake gilashi a hili lokacin iska.

Na huɗu ya shahi masu sa tacen da ke ƙara wa sama shuɗi. Tacen yana aiki sosai ne a sashen sama da ke kusurwar digiri 90 daga rana, yana raguwa a sauran. Tun da ido mai faɗi yana ɗaukar hiye da digiri 100, sai a ga baƙin tabo a wani sashe, wani sashen kuma fari fat.

Lokaci ma yana da hukunci. Da tsakar rana haske na saukowa daga bisa, ya shahe inuwa, rairayi ya koma kamar tabarma. Da hantsi na fari ko dab da faɗuwar rana ne kowane ƙunci na rairayi da kowace kunya ke samun inuwarta. Hazon hunturu yana haɗiye na nesa, wanda da ma gilashin ya ƙanƙantar. Bayan ruwan fari kuwa iska takan wanke, hadari ya cika sama, a nan ne ya dace a ba sama babban rabo. In sama wayam take, kada rabonta ya wuce sulusi. Da dare, in an aza kamera bisa abu mai ƙafa uku, mai 14 yana iya zama buɗe daƙiƙa 20 zuwa 30 taurari ba su ja wutsiya ba, abin da dogon gilashi ba ya iyawa.

Akwai kuma inda ya kamata a aje shi. Dutsen Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai metir 2022, mahi tsayi a Nijar, in daga nesa ake hangensa sai dogon gilashi. Raƙuman dawa na Kure ma haka, domin kusantar da ido mai faɗi ke bukata takura ce ga dabbar, hatsari ne ga mai hoto.

Inda hoto ya zama shaida

Abin da ke ƙawata hoton hamada shi ne ke iya zama tarko a ciniki. A ɗauki hili mai metir 20 kowane gehe, da katanga mai tsayin metir 2. In mai sayarwa ya tsaya a bakin iyaka ya ɗauka da mai 14, katangar ƙetare za ta ci milimetir 1,4 kawai, alhali da mai 50 za ta ci 5. Idon mai kallo, wanda ya saba da matsakaicin hoto, zai karanta wannan ƙanƙanta a matsayin nisa, ya ɗauka katangar tana wajen metir 70. Ƙaramin kango ya koma dandalin ƙwallo. Haka kuma kwarin da ruwa ke ci kowace damina, ko jujin da ke taki hamsin daga hilin, zai koma wani ɗan ɗigo can nesa. Ba a taɓa hoton ba, ba a ƙara masa kome ba, amma mai saye ya ga abin da babu.

Ma'aikatan gona da na gandun daji suna da nasu rabo cikin wannan magana. An kiyasta cewa tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Nijar, musamman a jihohin Maradi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5 ta hanyar sassabe na zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu bincike suka tabbatar da haka ita ce gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na shekarun baya-bayan nan, na wuri guda. A hoton ƙasa kuwa, ido mai faɗi yana iya faɗin kome. Wanda ya tsaya gindin gawo guda, rassa suka cika sama, zai nuna kurmi inda babu shi. Wanda ya tsaya a sarari cikin gona mai itace arba'in zai nuna fako, don duk sun koma ɗigo. Ga shi kuma gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka hoton kwatanci ba shi da daraja sai an ɗauke shi a wuri guda, da gilashi guda, a tsayi guda, cikin wata guda na shekara, an kuma rubuta waɗannan a ƙarƙashinsa.

Mai karɓar hoto yana da hanyoyin kare kansa. Ya dubi gehen hoton: in katanga ta jingina, ko mota ta yi tsawon da ba nata ba, ko ƙasar gaba ta ci rabin takarda, to da ido mai faɗi aka ɗauka. Ya nemi a sake ɗauka daga wannan wuri da alamar 1 maimakon 0,5. Ya nemi mutum ya tsaya a iyakar ƙetare, wani a tsakiya, don a samu ma'auni. Kamera tana rubuta lambar gilashin cikin bayanan hoton, amma hanyoyin aika saƙo na waya sukan goge su, don haka gara a tambaya. Bayan duk wannan, in maganar kuɗi ce mai nauyi, ya taka da ƙafarsa ko ya aika ɗan'uwa da igiyar awo.

Ido mai faɗi kayan aiki ne mai kyau ga wanda ya yarda ya durƙusa, ya matsa kusa, ya jira haske. Yana nuna faɗin ƙasa da zurhinta yadda wani gilashi ba ya iyawa. Amma ba a yi shi don awo ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima; wannan magana ta idon mutum ce, wanda ya tsaya a wurin da kansa. Wanda aka kawo wa hoto kuwa, kahin ya ce ya gani, sai ya tambayi inda mai ɗauka ya tsaya da lambar da ya danna.